Da Wane Mudu Za Mu Auna Makarantun Firamarenmu?

Ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta, ƙanwata ta zo gidana da wata tambaya da na ɗauka mai sauƙi ce. Ɗanta na fari ya cika shekara shida, maigidanta kuwa ƙaramin ma'aikaci ne wanda albashinsa ba zai ɗauki kuɗin makaranta mai zaman kanta ba. A unguwarsu akwai firamaren gwamnati guda biyu, ɗaya a bakin titi, ɗaya can ciki bayan kasuwa. Ta ce, "Yaya, kai ne malami, kai ka san harkar boko. Wacce ce ta fi koyar da yara?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tarar da abin da ke hannuna bai wuce abin da mai sayar da rake a ƙofar makarantun ya sani ba. Ta bakin titi an yi mata fenti bara, tana da katanga da ƙofar ƙarfe. Ta bayan kasuwa kuwa iska ta yaye rufin ajujuwa biyu tun daminar da ta wuce. Na yi shekaru ina koyarwa a jami'a, ina duba kundin binciken ɗalibai a kan matsalolin ilimi, amma ga shi tambayar uwa guda a kan makarantu biyu ta tsayar da ni. A kan wannan tambaya nake so mu tattauna a wannan mako, domin ba ƙanwata kaɗai ke yin ta ba.

Mu fara da duba yadda muke yanke wa makarantu hukunci a yau. Mukan ce makaranta kaza tana da kyau saboda yaranta suna gaida mutum da Turanci, ko saboda ta ciyo kofin gasar kacici-kacici a gidan rediyo, ko saboda 'ya'yan wane da wane a can suke, ko kuma don an ji labarin bara yaranta biyar sun sami shiga makarantar kwana ta kimiyya. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan gaskiya ne idan tsibin gero ake dubawa a kasuwa. Abin da ke cikin kan yaro ɗan aji uku kuwa ido ba ya hango shi daga bakin katanga. Kofin kacici-kacici yara uku ne suka ciyo shi, kuma galibi su ne waɗanda malamai suka ware suka yi ta horarwa, don haka bai faɗa mana komai a kan sauran ɗaruruwan da ke zaune a ƙasa suna maimaita abin da aka rubuta a allo ba tare da sun iya karanta shi ba.

Lamarin ya wuce a ɗauke shi da wasa. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2021 tare da asusun UNICEF ya nuna cewa a cikin yara ɗari masu shekara 7 zuwa 14 a Najeriya, kimanin 27 ne kacal suke da ƙwarewar karatu ta matakin farko, kimanin 25 kuma ta lissafi, kuma yawancin jihohinmu na Arewa suna ƙasa da wannan adadi. Tun a 2013, gwajin karatun Hausa da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar USAID ya gano cewa mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta kalma ko ɗaya a harshen da suke magana da shi a gida. Waɗannan alƙaluma na jiha ne da na ƙasa. Uban da ke son sanin halin makarantar unguwarsa ba zai sami komai a cikinsu ba. Ma'aikatun ilimi suna yin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, inda ake ƙirga ɗalibai da malamai da kujeru da makewayi, amma ba a ƙirga yara nawa ne suka iya karatu. Jihohin da ke yin jarrabawar ƙarshen aji shida kuwa, sakamakon kowace makaranta yakan ƙare ne a cikin durowar ofis. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi wa kowane yaro alkawarin shekara tara na karatu kyauta, ba ta kuwa ba iyayensa hanyar sanin ko an cika alkawarin ba.

Mai karatu zai iya cewa maganin a fili yake: a yi wa yara jarrabawa guda, a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, a buga a jarida, kowa ya ga gwani ya ga rago. Na daɗe ina da wannan ra'ayi, sai da na karanta abin da ya faru a ƙasashen da suka gwada shi na sassauta. Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Amma kafin mu tsallaka ƙetare, mu tsaya a gona. A ce manoma biyu ne, ɗaya gonarsa a fadama take, ɗaya a kan jigawa mai yashi. Da kaka na fadama ya ɗaure dami ɗari, na jigawa ya ɗaure arba'in. Babu dattijon ƙauye da zai ce lallai na fadama ya fi iya noma, domin ya san ƙasar ta yi masa rabin aikin. Mai yiwuwa ma idan da na jigawa ne aka ba fadamar, da ya ɗaure ɗari da hamsin. Jerin makarantu da aka gina a kan maki zalla yawan dami yake ƙirgawa, ba ya tambayar irin ƙasar da kowa ya noma.

Wannan batu tsoho ne a fagen nazarin ilimi. A 1966 gwamnatin Amurka ta fitar da rahoton wani bincike da masanin zamantakewa James Coleman ya jagoranta, wanda ya shafi ɗalibai fiye da 600,000 a makarantu kimanin 4,000. Waɗanda suka sa a yi binciken sun zaci zai tabbatar da cewa bambancin gine-gine da kayan aiki ne ke sa 'ya'yan baƙaƙen fata ke baya. Sai ga shi ya nuna cewa abin da ya fi bayyana bambancin maki tsakanin yara shi ne gidan da suka fito, wato ilimin iyaye da halin rayuwarsu, sannan irin yaran da suke zama aji ɗaya da su. Daga baya, a 1983, Stephen Heyneman da William Loxley suka kwatanta ƙasashe 29, suka ce a ƙasashe matalauta ingancin makaranta da malami ya fi tasiri fiye da yadda yake a ƙasashe masu arziki, kuma har yau masana suna muhawara a kan girman wannan bambanci. Darasin da na ɗauka daga binciken biyu shi ne, makin yaro haɗin gambiza ne na abin da gida ya zuba da abin da makaranta ta zuba, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yaba wa makaranta a kan aikin uwa, ko ya zarge ta a kan laifin talauci.

Da na bincika daga baya, sai na ga makarantun unguwar ƙanwata ba yara iri ɗaya suke ɗauka ba. Ta bakin titi cike take da 'ya'yan malamai da ma'aikatan asibiti da ƙananan 'yan kasuwa. Da yawansu sun yi ajin share fage kafin su shiga aji ɗaya, iyayensu mata sun yi sakandare, akwai mai duba musu aikin gida da daddare. Ta bayan kasuwa kuwa 'ya'yan 'yan dako ne da 'yan ga-ruwa da masu wankau, ga kuma iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, waɗanda wasu yaransu sun kai shekara goma ba su taɓa riƙe fensir ba. Akwai 'yan matan da duk ranar kasuwa talla take raba su da aji. Akwai yaran da Fulatanci suke ji a gida, Hausar ma a makarantar suke ƙarasa koyonta, balle Turanci. Akwai wanda yake zuwa bai karya kumallo ba. A ƙauye kuma sai a ƙara da yaran da damina take kwashewa zuwa gona, da waɗanda iyayensu ke tafiya cin rani da su. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa ajujuwan biranenmu ya ga inda malama guda take fama da yara fiye da ɗari.

Bari in ƙirƙiri misali da alƙaluma domin batun ya fito sarai. A ce a farkon shekara, cikin yara ɗari 'yan aji biyu na makarantar bakin titi, 40 sun riga sun iya karanta gajeren labari, zuwa ƙarshen shekara suka zama 55. A makarantar bayan kasuwa kuwa 5 ne suka iya a farko, a ƙarshe suka zama 35. Jerin jarida zai ɗora ta bakin titi a sama, iyaye su yi ta rububinta, a ba shugabanta lambar yabo. Alhali yara 15 ta koya wa karatu a shekarar, ita kuwa ta bayan kasuwa ta koya wa 30, a cikin yanayin da ya fi wuya. Uwar da ke tambayar wacce ce ta fi koyarwa, amsarta tana cikin lissafi na biyu. An ga irin wannan a zahiri. A 2017 Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya nazarci makin gundumomin ilimi na Amurka, ya tarar cewa yaran makarantun gwamnati na birnin Shikago, waɗanda mafi yawansu 'ya'yan talakawa ne, suna bayan matsakaicin ƙasa idan suna aji uku, amma tsakanin aji uku da aji takwas sukan sami ci gaban shekara shida a cikin shekara biyar, abin da ya zarce kusan dukkan gundumomin ƙasar. Wanda ya dubi maki zalla zai ce makarantun birnin sun lalace, alhali suna cikin masu ƙoƙari.

Illar jerin maki zalla ba ta tsaya ga rashin adalci ba, yakan lalata abin da ake aunawa. Masanin nan Donald Campbell ya yi gargaɗi tun a shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa sakamako mai nauyi, mutane za su koma bauta wa ma'aunin su bar aikin. A farkon 2002 Shugaba George Bush ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati a Amurka jarraba yara kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, tare da hukunci ga makarantar da ta kasa kai mizani. A birnin Atlanta, binciken da gwamnatin jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi, har da zama a goge amsoshin yara a gyara. A 2015 kotu ta sami mutum 11 da laifi. A nan Afirka, ministan ilimin Kenya Jacob Kaimenyi ya hana jera makarantu a ƙarshen 2014, kuma cikin dalilan da aka bayar har da yadda makarantu ke tilasta wa raunanan ɗalibai maimaita aji, ko su yi musu rajistar jarrabawa a wata cibiyar dabam don kada su ja matsayin makarantar ƙasa. Mu da muka san cibiyoyin jarrabawar da ake yi wa kirari da masu abin al'ajabi, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Idan aka ce ƙarin girman hedimasta ya rataya a kan matsayin makarantarsa a jeri, yarinyar mai talla da yaron ɗan gudun hijira su ne farkon waɗanda za a ce su zauna a gida ranar jarrabawa.

To, ashe sai a bar kwatanta makarantu gaba ɗaya? Wasu abokan aikina haka suke gani, ni kuwa ban yarda ba. Rashin awo ma yana da waɗanda yake cuta, kuma su ne dai talakawan da ake cewa ana karewa. Yankin Wales na Birtaniya ya daina buga jerin makarantun sakandare a 2001, Ingila kuwa ta ci gaba. Simon Burgess da abokan aikinsa na Jami'ar Bristol suka bi sawu, suka tarar sakamakon ɗaliban Wales ya ja baya idan aka kwatanta da na Ingila, kuma koma-bayan ya fi tsanani a makarantun 'ya'yan talakawa, manyan makarantu kuwa ko gezau. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makarantar da 'ya'yan masu faɗa-a-ji suke ciki tana da masu sa mata ido ko babu jeri. Wadda ke bayan kasuwa kuwa, idan hukuma ba ta auna ta ba, babu mai auna ta, malami na iya yin wata bai shiga aji ba kuma babu wanda zai ɗaga murya. Mai hali yana da hanyoyin samun labari, yana kuma da kuɗin sauya makaranta idan ya ga ba daidai ba. Duhu talaka yake rufewa.

Akwai gwajin da ya fi kusa da yanayinmu. A lardin Punjab na Pakistan, masana tattalin arziki uku, Tahir Andrabi da Jishnu Das da Asim Khwaja, sun jarraba yaran firamare a ƙauyuka 112. A rabin ƙauyukan sai suka raba wa iyaye takarda mai ɗauke da makin ɗansu da na dukkan makarantun ƙauyen, na gwamnati da na kuɗi, sauran rabin kuma aka bar su yadda suke. Bayan wani lokaci makin yara ya ɗaga a ƙauyukan da aka raba takardar, makarantun kuɗi suka rage kuɗinsu da kimanin kashi 17 cikin ɗari, yawan yaran da ke shiga makaranta ma ya ƙaru. Sai dai kada mu yi saurin murna. A gundumar Jaunpur ta Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu, tare da ƙungiyar Pratham, sun tara mutanen ƙauyuka sun nuna musu yadda 'ya'yansu ba su iya karatu ba, amma wannan bayani shi kaɗai bai sauya komai a makarantun ba. Inda aka ga sauyi shi ne inda aka horar da matasan ƙauye suka buɗe darasin karatu. Wato sanin ciwo yana amfani ne idan akwai abin da mutum zai iya yi da sanin.

Akwai kuma wani rami a ɗaya gefen, wanda mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa tsoronsa, shi ne mayar da halin yara uzurin dindindin. A 2013 jaridu sun yayata makin da ake bukata daga kowace jiha domin shiga kwalejojin haɗin kai na gwamnatin tarayya: ɗan Anambra sai ya sami 139, yaro namiji daga Yobe kuwa maki 2 ya ishe shi. Na fahimci manufar, wato kada a rufe wa wani yanki ƙofa. Amma shekara nawa aka yi ana sassauta mana mudu, kuma wane gwamna ne wannan sassauci ya hana barci har ya gyara firamare? Ingila ta taɓa shigar da talauci da ƙabila da harshen gida cikin lissafin ci gaban makarantu daga 2006, bayan 'yan shekaru gwamnati ta soke tsarin, tana mai cewa yana nufin an amince a sa ran kaɗan daga 'ya'yan talakawa. Ban yarda da soke shi gaba ɗaya ba, amma gargaɗin yana da tushe. Sanin cewa gonar jigawa ce ya kamata ya sa a kai mata taki fiye da ta fadama. Idan ya zama dalilin cewa dami arba'in ma ya isa har abada, an ci amanar mai gonar. Buri ɗaya ne ga kowane yaro: ya iya karanta Hausa da fahimta, ya iya tarawa da ɗebewa, kafin ya bar aji uku. Halin yaran makaranta yana faɗa mana nisan tafiyar da irin guzurin da ake bukata, ba ya sauya inda za a je.

Saboda haka shawarata ga hukumomin SUBEB na jihohinmu da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi ita ce a yi wa kowace firamare takardar shaida ta shafi guda, da Hausa, a kowace shekara, mai amsa tambayoyi huɗu. Ta farko, su wane ne yaran? Nawa ne suka yi ajin share fage, nawa ne iyayensu mata suka iya karatu, nawa ne harshen gidansu ya bambanta da na aji, nawa ne suka zo gudun hijira, nawa ne shekarunsu suka wuce na ajinsu. A bayar da jimla kawai, kada a ambaci sunan yaro ko gidansu. Ta biyu, me aka ba makarantar? Malamai nawa ne a rajista, nawa aka tarar a aji ranar da aka zo ba sanarwa, yara nawa ne a aji guda, littafi ɗaya yara nawa ke rabawa. Ta uku, me yaran suka iya a farkon shekara, me suka iya a ƙarshenta, maza dabam mata dabam? Ta huɗu, cikin waɗanda suka shiga aji ɗaya nawa ne suka kai aji shida, kuma nawa ne suka halarci gwajin? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce za ta toshe ƙofar ɓoye raunana, domin makarantar da makinta ya hau saboda rabin 'yan matanta sun daina zuwa ba ta ci nasarar komai ba.

Idan an tashi kwatantawa, a haɗa kowace makaranta da sa'o'inta, ta cikin birni da ta cikin birni mai irin yaranta, ta rugar makiyaya da irinta. Ƙasar Ostireliya ta fara yin haka a 2010, inda aka riƙa nuna sakamakon makaranta kusa da na makarantun da yaransu suka fito daga gidaje masu kama da juna. Kada kuma a yanke hukunci da sakamakon shekara guda, musamman a ƙaramar makaranta, inda zazzaɓin yara biyar ranar gwaji ya isa ya birkita lissafi. Gwajin kansa ba ya bukatar na'ura ko kwangilar biliyoyi. Ana zaunar da yaro ne a ba shi haruffa, sai kalmomi, sai ɗan sakin layi, sai gajeren labari, a ga inda ya tsaya, kuma mintuna kaɗan yake ɗauka. An riga an yi amfani da irinsa a Borno, da kuma ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil a Kano, a shirin koyar da yara daidai da matakin da suke. Muna da kwalejojin ilimi da tsangayoyin ilimi a jami'o'i cike da ɗaliban da ake turawa koyon aikin koyarwa kowace shekara. Su za a horar su yi gwajin, a makarantun da ba nasu ba, don kada malami ya zama shi ne mai awo shi ne mai hatsi.

Abu mafi muhimmanci shi ne abin da za a yi da sakamakon. Malamanmu suna da dalilin ɗari-ɗari da duk wani awo. Ba su manta da 2017 ba, lokacin da gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun faɗi gwajin da ta yi musu, aka kuma sallame su. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, saƙon da ya isa ga malami shi ne gwaji bulala ce. Idan aka fara takardar shaida da bulala, maguɗi za a girba. Jihar Ceará ta arewa maso gabashin Birazil, wadda ba ta cikin masu arziki a ƙasar, ta bi wata hanya mai kyau. Takan ba makarantun da suka yi fice kyautar kuɗi, ta kuma ba waɗanda suka zo ƙarshe tallafi, sannan ta haɗa kowace gwana da wata mai rauni, kuma ragowar kyautar ba ta fita sai mai raunin ta ɗaga. Garin Sobral na jihar, wanda yake nesa da sahun gaba a jerin ƙananan hukumomin ƙasar a 2005, ya kai sahun farko cikin shekara goma sha biyu. A wurinmu ma haka ya kamata: makarantar da ta zo baya a cikin sa'o'inta ita ce farkon samun ƙarin malamai da littattafai da ziyarar jami'in sa ido. Idan an ba ta duk wannan shekara biyu ko uku ba ta motsa ba, a lokacin ne za a tambayi shugabanta. Takardar kuwa a manna ta a bangon makaranta, a karanta ta a taron kwamitin kula da makaranta na al'umma gaban mai unguwa da liman da iyaye mata, domin iyayen da suka fi bukatarta ba su ne masu sayen jarida ba.

Ƙanwata dai ba za ta jira hukuma ba, don haka na ba ta abin da zan iya. Na ce ta je kowace makaranta a tsakiyar mako bayan an dawo tara, ba tare da ta sanar ba, ta ƙirga ajujuwan da malami yake tsaye yana koyarwa. Ta karɓi littattafan aikin yara biyu ko uku ta ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa su. Ta nemi 'ya'yan maƙwabta da ke aji uku a kowace makaranta, waɗanda gidajensu suka yi kama da nata, ta ba su ɗan labarin Hausa da ba su taɓa gani ba su karanta mata. Bayan mako guda ta dawo ta ce, "Yaya, a ta bakin titi na tarar da aji uku babu malami, yara sai tsalle suke a kan benci. A ta bayan kasuwa kuwa shugabar makarantar da kanta take tara waɗanda ba su iya haɗa baƙi ba, ta yi musu rabin awa a gindin bishiya kowace safiya." A can ta sa yaron, maigidanta yana ta ƙorafin rufin da ya yaye da rashin katanga, kuma ƙorafinsa yana kan hanya a wannan zamani na rashin tsaro.

Ziyarar yini guda ba awo ba ce, tana iya yiwuwa ranar ce ta zo da haka. Abin da ya dame ni shi ne, matar da ke da goyo da girki da ɗan ɗinkin da take taimaka wa gida da shi, ita ce ta bar aikinta ta yi abin da ake biyan jami'ai albashi su yi. Ita ma don tana da ɗan'uwan da zai nuna mata abin dubawa ne. Dubban iyaye za su sa 'ya'yansu a makaranta a bana bisa launin fenti, sai bayan shekara shida su gane abin da suka saya, lokacin da icen ya riga ya bushe. Ita kuma waccan shugabar makaranta da ke gindin bishiya, babu wata takarda a ofishin ilimi da ta nuna abin da take yi, kuma ranar da aka buga jerin maki zalla sunan makarantarta a ƙasa zai fito. A kasuwa muna da sarkin awo, muna kuma ƙyamar mai tauye mudu. 'Ya'yanmu sun fi gero cancantar mudu na gaskiya.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.